Buɗaɗɗiyar wasiƙa daga Tawa zuwa ga Jakadan Italiya a Yamai

Mai girma Jakada,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan alheri gare ku, da ma'aikatan ofishinku, da al'ummar Italiya baki ɗaya, ina rubuto muku wannan wasiƙa daga birnin Tawa. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya koyar a ƙauyukan Adar har ya yi ritaya, kuma a yau yawancin aikina a unguwa shi ne karanta wa mutane takardun da ke zo musu daga waje da taya su rubuta amsa. Ina magana ne a madadin iyaye da matan aure da ke zuwa zaurena da waya a hannu, waɗanda 'ya'yansu da mazajensu suka tafi biɗa, wasu suna Libiya, wasu suna Aljeriya, kaɗan daga cikinsu kuma sun tsallaka teku suna aiki a gonakin ƙasarku. Su ne suka nemi in isar muku da damuwarsu, na kuma rubuta da Hausa domin su ji da kunnensu abin da aka faɗa da sunansu.

Dalilin wasiƙar shi ne shawarar da gwamnatinku ta yanke a shekarar 2025, ta ware gurabe 497,550 ga ma'aikata 'yan ƙasashen waje da za su shiga Italiya tsakanin 2026 da 2028, fiye da rabinsu don aikin ɗan lokaci a gonaki da otal-otal. Kafin wannan an ware gurabe 452,000 na shekarun 2023 zuwa 2025, kuma sunan Nijar yana cikin jerin ƙasashen da aka ce 'ya'yansu za su iya cin moriyar tsarin, tare da Mali da Senegal da Najeriya da Gana. Mun ji wannan labari da farin ciki da kuma ɓacin rai a lokaci guda. Farin ciki domin a ƙarshe wata ƙasar Turai ta rubuta a dokarta cewa tana buƙatar hannuwan baƙi. Ɓacin rai kuma domin a tashoshin motarmu da kasuwanninmu, inda matasa ke yanke shawarar tafiya, sunan masu fasa-ƙwaurin mutane da farashinsu kowa ya sani, amma wannan hanya ta halal babu mai iya kwatanta ta.

Ku yi mini izini in fara da halin da ƙasarku take ciki, domin ba mu jahilce shi ba, kuma a kansa ne duk maganarmu ta dogara. A shekarar 1964 an haifi jarirai fiye da miliyan ɗaya a Italiya. A 2008 adadin ya sauko zuwa wajen 577,000, a 2022 ya faɗi ƙasa da 400,000 a karon farko tun haɗewar ƙasar, a 2024 kuma bai wuce wajen 370,000 ba, alhali waɗanda suka rasu a wannan shekarar sun kai wajen 650,000. Hukumar ƙididdiga ta ƙasarku, Istat, ta ce ƙiyasin haihuwar kowace mace ya sauka zuwa 1.18 a 2024, wato da ƙyar miji da mata suke barin mutum ɗaya a madadinsu su biyu. Jama'ar da ta haura miliyan 60 a 2014 yanzu ba ta kai miliyan 59 ba, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya kai shekara 65 ko ya wuce. A garuruwan kan tudu na tsibirin Sisili har ana sayar da gidajen da babu mai zama cikinsu a kan Yuro ɗaya, da sharaɗin mai saye ya gyara. Su ma matasanku masu ilimi ba su zauna ba, domin a 2024 kaɗai 'yan Italiya fiye da 150,000 ne suka kwashe kayansu zuwa Jamus da Ingila da Sifen da sauran wuraren da albashi ya fi tsoka.

Ba ma faɗin wannan don mu yi muku dariya, Allah ya kiyaye. Mu mutane ne da suka san nauyin tsufa, kuma duk wanda ya ji cewa akwai ƙauyen da aka rufe makarantarsa don babu yara, ko tsohuwar da ke kwana ita kaɗai a gida mai ɗakuna shida, tausayi ne zai fara kama shi. Sai dai lissafin ba ya ɓoyuwa. Ma'aikacin yau ne ke biyan fanshon tsohon yau, an kuma riga an ɗaga shekarun ritaya zuwa 67, bashin da ke kan gwamnati ya haura kashi 130 cikin 100 na abin da ƙasar ke samarwa a shekara, kuma kowace shekara masu shekarun aiki suna raguwa, tsofaffi suna ƙaruwa. Tun da daɗewa mata daga Romaniya da Yukren da Filifin ne ke jinyar tsofaffinku a cikin gidajensu, maza daga Indiya ne ke tatsar shanu a kwarin kogin Po, 'yan Afirka kuma ke tsinkar tumatir da lemu a kudu.

A kan wannan kuma sai ga matsalar ruwa da zafi, wadda mu mutanen bakin hamada muka fi kowa saninta. A 2022 kogin Po ya yi janyewar da ba a ga irinta ba cikin wajen shekara 70, ruwan gishiri ya kutso daga teku zuwa cikin gonaki, manoman shinkafa suka yi asara mai yawa. A 2024 an yi ta rabon ruwa da awo a garuruwan Sisili, tsibirin da a 2021 aka auna zafin da ya kai 48.8, wanda Turai ba ta taɓa ganin irinsa ba. Hukumar ƙididdigarku ta kuma nuna cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na ruwan famfo yana zubewa a tsofaffin bututu kafin ya isa gidaje. Manomi yana tsufa, ɗansa ya tafi birni, ruwa ya yi tsada, manyan kantuna suna danne farashin amfanin gona, rana kuma tana ƙara zafi. Duk wannan matsi yana gangarowa ne har ya tsaya a kan wuyan mutumin da ke can ƙarshe, wato mai tsinka, kuma sau da yawa wannan mutumin ɗanmu ne ko ɗan maƙwabtanmu.

Mu a nan akasin haka ne. A ƙidayar 2012 jama'ar Nijar miliyan 17 ce, ta jihar Tawa kuma miliyan 3.3, yanzu ƙasar ta haura miliyan 25, kusan rabinta yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai an raba ta tsakanin jikoki har ba ta ciyar da kowa wata shida. Wannan nauyi ne a kanmu da hukumominmu, ba ku muka ɗora wa shi ba. Na kawo shi ne domin a ga cewa gidaje biyu ne, ɗaya yana da aiki ba masu yi, ɗaya yana da masu yi ba aiki, kuma abin da ke tsakaninsu a yau shi ne hamada da kurkukun Libiya da jirgin roba.

Kokenmu na farko shi ne yadda aka gina wannan hanya ta halal. Bisa tsarinku, ba ma'aikaci ne ke neman izini ba, mai ba da aiki ne daga can Italiya zai nemi a shigo masa da wane ɗan wane, da sunansa da lambar fasfonsa, a ranar da aka buɗe shafin intanet na gwamnati, kuma guraben sukan ƙare cikin 'yan mintoci. Ina tambaya da girmamawa, ta yaya mai gonar zaitun a yankin Puliya na kudancin ƙasarku zai san sunan wani saurayi a Buza ko Illela, balle ya amince da shi tun bai gan shi ba? Ba zai sani ba sai ta hannun wani na tsakiya, kuma a wannan gurbin ne macuta suka kafa kasuwarsu. Ba mu muka ƙirƙiri wannan zargi ba. A watan Yunin 2024 Firayim Minista Giorgia Meloni da kanta ta kai ƙara gaban babban mai shigar da ƙara kan ƙungiyoyin mafiya, tana cewa miyagu suna amfani da tsarin, ta kuma bayyana cewa a yankin Kampaniya ko kashi 3 cikin 100 na waɗanda suka shiga da izinin aiki ba su kai ga sanya hannu kan kwangila ba. Ma'anar wannan ita ce mutum ya shiga da biza ta gaskiya, ya sauka ya tarar babu gona babu maigida, cikin ɗan lokaci ya zama marar takarda ba tare da ya yi laifin komai ba.

Warin wannan kasuwa ya iso har nan. Wani tsohon ɗalibina, yaro mai hankali da ke noman albasa a gefen Madawa, ya zo mini da takarda a wayarsa mai ɗauke da hatimi da tambarin ƙasarku, wadda wani da bai taɓa gani ido da ido ba ya turo masa ta WhatsApp. An ce masa izinin aikinsa ne ya fito, saura ya cika kuɗi. Kafin ya zo wurina ya riga ya jinginar da garkar mahaifinsa da injin ban-ruwa, ya aika kuɗin kashi biyu. Da na duba sai na ga sunan mahaifinsa aka sa a gurbin nasa, rubutun ranar haihuwarsa kuma ya bambanta da na sauran takardar, alamar an goge na wani an ɗora nasa. Ya kira lambar a gabana, ba ta shiga ba, kuma ba ta sake shiga ba. A bana yana yi wa wanda ya karɓi jinginar ƙwadago a cikin garkar da aka haife shi a bakinta. Da a ce ya taɓa jin sanarwa ɗaya a rediyo, da harshen da yake ji, cewa ba a sayar da izinin aikin Italiya kuma ga inda ake tantance takarda, da wannan asara ba ta same shi ba.

Kokenmu na biyu ya shafi hanyar da ta rage idan ta halal ta gagara. Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, domin a Turai ana yawan kwatanta Nijar kamar ƙofar da Afirka duka ke kwararowa ta cikinta. Mutanen Adar sun daɗe suna ci-rani, amma ba Turai suka saba zuwa ba. Abijan suke zuwa, da Legas da Kano da Akara da Duwala, daga baya Libiya da Aljeriya, su tafi bayan girbi su dawo da faɗuwar ruwa. Waɗannan hanyoyi ne suka riƙa tsukewa ɗaya bayan ɗaya: rikicin Kwaddibuwa, faɗuwar Gaddafi a 2011 da ta koro dubban 'ya'yanmu gida hannu rabbana, faɗuwar darajar Naira, da korar da Aljeriya ke yi tana zubar da mutane a bakin iyaka su taka wajen kilomita 15 a rairayi zuwa Assamaka. Saurayin da aka ƙwace masa ladan aikinsa a Tarabulus, wanda ke jin kunyar komawa gida ba ko sisi, shi ne ke kallon teku. A cikin wannan hali, abin da Turai ta fi zuba wa kuɗi shi ne tsare hanya. Dokarmu ta 2015 da ta haramta jigilar baƙi ta kori direbobi daga hanyar da ke da rijiyoyi zuwa hanyoyin da babu ruwa, har aka soke ta a watan Nuwamban 2023. Yarjejeniyar da Italiya ta ƙulla da Libiya a Fabrairun 2017 ta ƙarfafa masu gadin tekun da ke mayar da mutane wuraren tsarewar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha bayyana irin azabar da ake yi a cikinsu. Duk da haka jirage ba su daina tashi ba, kuma a Fabrairun 2023 mutum aƙalla 94 suka mutu da jirginsu ya tarwatse a gaɓar Kutro ta kudancin Italiya, ana hango ƙasa.

A wurinmu, idan gona ta fi ƙarfin mai ita, gayya yake kira. Yakan bi gida-gida da rana tsaka ya faɗi ranar aiki, ya tanadi fura da tuwo, ya kuma gode wa waɗanda suka zo. Ba a taɓa jin mai gayya ya toshe ƙofar gonarsa da ƙaya, ya bar mutane su tsallako shinge cikin dare, wanda ya tsira da ransa ya miƙa masa hauya, sannan ya fita dandali yana kiran su ɓarayi ba. Idan muka ji wasu 'yan siyasar Turai suna maganar mamaya a wurin taro, alhali gwamnatocinsu suna sa hannu kan dokar shigo da ma'aikata dubu ɗaruruwa, abin da ke zo mana a rai ke nan, kuma yana yi mana ciwo.

Kokenmu na uku, wanda ya fi ci mana rai, shi ne halin waɗanda suka isa. Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da mijinta yake wajen garin Foja a Puliya tun ɗansu na ƙarshe yana goye, yanzu yaron yana makaranta. Takan kawo mini wayarta in karanta mata takardun da yake turowa, ni kuma ina lalube da Faransancina. Wata rana ta nuna mini hoton ɗakin da yake kwana: bango na kwali da katako, rufi na leda an danne da tayoyin mota, katifu huɗu a ƙasa, tukunyar gas a bakin ƙofa. A saƙon murya ya ce ana biyansa Yuro 4 a kan kowane babban akwatin tumatir mai cin wajen kilo 300, wato sefa 2,600 da 'yan kai, kuma dillalin ma'aikata da a can ake kira kaporale yana cire kuɗin mota da na ruwan sha kafin ya miƙa masa sauran. Yana aiko abin da ya samu, ba ya fashi. Amma da mahaifinsa ya rasu bai zo jana'iza ba, domin wanda ba shi da takarda idan ya fita ba ya komawa. Matar tana nan, ita ba mai miji a gida ba, ita ba bazawara ba, kuma ta ce mini ba kuɗin ne damuwarta ba, so take ya zo yaran su san fuskarsa.

Labarinsa ba baƙo ba ne a ƙasarku. A watan Agustan 2018 ma'aikatan gona 16 suka mutu a haɗurra biyu kusa da Foja, a cikin motocin da dillalai ke cusa su. A Yunin 2021 wani ɗan Mali mai shekara 27 ya faɗi ya mutu a hanyar komawa masauki bayan yinin aiki cikin rana a Puliya, sai bayan haka aka hana aikin gona a tsakiyar rana a yankin. A Yunin 2024 inji ya cire hannun Satnam Singh, ɗan Indiya, a wata gona kusa da Latina, aka ajiye shi a ƙofar gidansa maimakon a kai shi asibiti, ya rasu. Mun san Italiya ta yi dokar hukunta wannan zalunci tun 2016, mun san akwai alƙalai da ƙungiyoyin ƙwadago da limaman coci da talakawan gari da suka tsaya wa baƙi tsayin daka, kuma muna yi musu godiya. Amma muddin zaman mutum a ƙasa yana rataye da kwangilar maigida ɗaya, kamar yadda dokar 2002 ta tsara, ma'aikaci zai ci gaba da haɗiye zalunci don tsoron kora.

Akwai kuma batun kuɗin fansho, wanda ba a cika magana a kansa ba. Wanda ya yi aiki da takarda ana cire masa kuɗin fansho kowane wata, amma tun daga dokar 2002 ba a mayar wa wanda ya koma gida abin da aka cire masa, sai ya jira shekarun ritaya na Italiya. A ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai shekara 65 ba, wannan yana nufin da yawa za su ciyar da asusun tsofaffinku su mutu ba su ɗanɗana komai daga cikinsa ba.

Mai girma Jakada, abin da ya ba mu ƙarfin gwiwar rubuto muku, ba wani jakada ba, shi ne tarihi. A zamanin farin 1984 Italiya ce ta ɗauki nauyin aikin raya karkara na Keita a nan jihar Tawa, tare da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya da shirin abinci na duniya. Na ga wannan aiki da idona. Na ga mata, domin mazan sun tafi ci-rani, suna ɗauko duwatsu a ka daga kan tudu suna jerawa, suna haƙa ramuka a fako inda ko ciyawa ba ta fita, ana ɗaure duwatsu cikin ragar ƙarfe ana tare ƙoramu. An dasa miliyoyin itatuwa, ruwa ya zauna a ƙasa, rijiyoyin da suka ƙafe suka dawo, aka noma wuraren da kakanni suka sallama. Har yau idan aka ambaci Italiya a ƙasar Keita, dattawa da alheri suke tunawa da ita. Kun buɗe ofishin jakadanci a Yamai a 2017, kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023, da sojojin Faransa da na Amurka da na Jamus suka fita, naku sun zauna. Saboda haka ne muka yi mamaki da aka ƙaddamar da Shirin Mattei, wato shirin haɗin gwiwar Italiya da ƙasashen Afirka, a Roma a Janairun 2024, da alkawarin Yuro biliyan 5.5, muka duba ƙasashe tara na farko ba mu ga Nijar ba. Mun lura cewa da yaƙin Yukren ya yanke muku gas ɗin Rasha, wanda a da ya kai wajen kashi 40 cikin 100 na abin da kuke shigowa da shi, cikin 'yan watanni kuka daidaita da Aljeriya, kuma bututun da ake shirin ja daga Najeriya zuwa Aljeriya ta ƙasarmu zai ratsa. Idan ana iya zama a tsara wa gas hanya ta tsakiyar hamada, ana iya zama a tsara wa ɗan Adam.

Ga abin da muke roƙo.

Muna roƙon ofishinku ya fitar da bayani dalla-dalla kan wannan tsari da Hausa da Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci, a watsa shi a gidajen rediyon karkara da saƙonnin murya, tun da yawancin masu tafiya ba sa karatun boko. A faɗa a fili cewa ba a sayar da izini, a ba da lamba ɗaya da mutum zai tura hoton takarda a gaya masa ko ta gaskiya ce kafin ya sayar da akuyarsa. A kuma riƙa bayyana kowace shekara yawan 'yan Nijar da suka samu bizar aiki, domin mu san ko sunan ƙasarmu a jerin nan yana da amfani.

Muna roƙon ku isar wa gwamnatinku buƙatar ƙulla yarjejeniyar ƙwadago kai tsaye da Nijar, irin wadda kuka ƙulla da Tunisiya a Oktoban 2023 ta ma'aikata 12,000 cikin shekara uku, ta yadda hukuma da hukuma ne za su haɗa mai gona da ma'aikaci, ba dillali ba. Dokarku ta riga ta tanadi cewa wanda ya kammala horon da Italiya ta amince da shi a ƙasarsa zai iya shiga ba tare da jiran gurbi ba. A buɗe irin wannan horo a nan Tawa, inda akwai jami'a da makarantun koyon sana'a, a koya wa matasa harshen Italiya da haƙƙin ma'aikaci da kariya daga haɗarin inji da maganin feshi. Noma kam ba sai an koya musu ba. Wanda ya fitar da albasar Galmi daga ƙasa mai zafi da ruwan rijiya ya san darajar kowane ɗigo, kuma wannan sani ne da gonakin Sisili ke ƙara buƙata.

A wannan yarjejeniya muna so a kula da kalandar noma, domin ba ma fatan ƙauyukanmu su zama kango kamar waɗanda ake sayarwa a Yuro ɗaya. Tsinkar tumatir a Puliya tana faɗowa ne daga Yuli zuwa Satumba, daidai lokacin da gero ke buƙatar mai shi a nan. Amma zaitun ana girbe shi daga Oktoba zuwa Disamba, lemun Kalabiriya da Sisili kuma cikin hunturu har zuwa bazara, wato lokacin da mazajenmu suka gama ɗaure dammuna suka cika rumbu, ba su da aikin yi. Wannan shi ne ci-ranin da muka gada. A ba mutum izinin shekaru da dama, wanda dokarku ta riga ta sani, ya tafi bayan girbi ya dawo kafin shuka, da tabbacin cewa baɗi ma zai koma. Wanda ya san ƙofa a buɗe take ba ya ɓuya.

Muna roƙon a duba lamarin waɗanda suke can. Wanda ya shiga da biza ta gaskiya ya tarar an yaudare shi, a ba shi izinin neman wani aiki maimakon a mayar da shi mai laifi. Wanda ya shekara da shekaru yana tsinka ba takarda, a buɗe masa hanyar daidaita zamansa da ba ta dogara da yardar maigidan da ke cin guminsa ba, domin ya iya zuwa ganin iyalinsa ya koma. A kuma samar da hanyar da wanda ya dawo gida gaba ɗaya zai karɓi kuɗin fanshon da aka cire masa, ko a tura su asusun fansho na Nijar.

Akwai iyalan da ba su san ko nasu yana raye ba. Masana a jami'ar Milan sun yi aiki mai daraja wajen gano sunayen waɗanda suka nitse a haɗarin jirgin baƙi da ya kife a teku tsakanin Libiya da Italiya a Afrilun 2015. Muna roƙon a samar da wuri a Yamai, tare da ƙungiyar Red Cross, inda uwa ko ɗan'uwa zai kai hoto da bayani da samfurin jini a gwada da gawarwakin da aka binne ba suna a maƙabartun Sisili da Kalabiriya. A addininmu da al'adarmu mace ba ta takaba, ba a raba gado, ba a yi wa mutum sadakar mutuwa, sai an tabbatar, ko alƙali ya yanke hukunci bayan doguwar jira.

Daga ƙarshe muna roƙon a sa Nijar cikin Shirin Mattei, a fara da gyaran madatsun ruwan Keita da suka tsufa da kuma sarrafa albasar da ke ruɓewa a hannun manoma kowace shekara don rashin wurin ajiya, domin saurayin da garkarsa ke biya masa buƙata ba ya jinginar da ita. Za mu aika wa hukumomin ƙasarmu kwafin wannan wasiƙa, tun da yarjejeniya ba ta ƙulluwa da hannu ɗaya. Muna gayyatarku ku zo Tawa ku saurari waɗannan iyaye da mata da kanku. Idan halin tsaro bai ba da dama ba, ku sanya mana rana, za mu haɗa kuɗin mota mu turo wakilai maza da mata zuwa Yamai, da takardun bogin da aka sayar wa 'ya'yanmu da sunayen waɗanda muke nema.

Ku huta lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
a madadin iyaye da matan 'yan ci-rani,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.